Wurin Rijiya a Duniyar Mars

An hana ni zaɓen wurin rijiya a wani ƙauye gabas da Kanan Bakashe, saboda na ce akwai ruwa a duniyar Mars. Na faɗa ɗin. Ranar kasuwa ce, mutane suna tsaye, kuma ba wanda ya matsa mini baki.

Ginar rijiya gado na yi. Ubana ya yi, kakana ya yi, wana ya yi har ta cinye shi. Aikin kashi biyu ne: akwai mai shiga rami da dagi, akwai mai nuna inda za a kafa dagin. Na farkon duk mai ƙarfi yana iyawa. Na biyun shi ake aiko wa goro. Na yi shekara ashirin a cikin rami kafin a fara aiko mini, kuma daga Mayahi har ƙauyukan Tasawa ba a taɓa tare ni a hanya aka ce na sa mutane sun gina busasshiya ba. Biyu sun yi zurfi fiye da yadda na ce. Ɗaya ta rufta. Amma duk sun ba da ruwa.

Dokar ubana ɗaya ce: kada ka yi maganar ƙasar da ba ka taka ba. Ka je da sassafe, ka tuɓe takalmi. Ka dubi gawo da kalgo yadda suka tsaya, ka dubi inda gara ta yi suri, ka ɗebi ƙasa ka murza, ka ɗora a harshe. Bayan haka ma ka yi shiru har sai an tambaye ka.

Sai salula ta zo. Mutane suka ga ɗaukar hoton gona ya fi ɗauko tsoho a kabu-kabu sauƙi. Su same ni a kasuwa, su miƙo mini abin, in matso da shi kusa da ido. Da farko cewa nake yi, “A je a gani,” ko kuwa, “Kada ku wahalar da ni.” Daga baya na fara ƙarawa. In ce zurfi gaba kaza, in ce ta gefen kukar nan. Mutane su taru suna leƙe ta kafaɗata, wani ya ce, “Tsohon nan ko a hoto ƙasa ba ta ɓoye masa komai.” Maganar tana da daɗi. Ubana ya mutu ba a taɓa faɗa masa irinta ba.

Ƙauyen da nake magana yana da rijiya, amma ruwanta zartsi ne. Sabulu ba ya kumfa da shi, wake ya wuni a wuta bai nuna ba, fura in an dama da shi sai ka ji kamar ka lashi ƙusa. Dabbobi ke sha. Mata kuwa su kora jakuna zuwa wani gari ɗibar na sha, su tafi da hantsi su dawo azahar. Da 'yan ƙauyen da ke ci-rani suka haɗa hannu don a gina sabuwa, maigari ya aiko mini goro. Sa'ana ne, mun san juna tun muna samari. Akwai wani ɗan garin da ya ce a ɗauko mai na'ura daga Maradi, irin masu shimfiɗa waya a ƙasa su karanta lamba. Maigari ya ce ƙasarsu ba ta jin Faransanci. Na je na taka wurin safiya biyu, na riƙe wuri a raina, ban faɗa wa kowa ba. Ba a faɗa sai ranar da dattawa suka taru aka yi addu'a. Aka sa ranar, saura kwana tara.

Ranar kasuwar Kanan Bakashe ina zaune a rumfar taubashina. Igiya da guga yake sayarwa. Ɗan ƙanwar ubana ne, saboda haka duk abin da ya faɗa mini wasa ne, ko da ya huda fata. Ba ni da ikon fushi. Haka muka tarar ana yi.

Sai ga malamin lakwal, wato makarantar boko, na ƙauyen nan mai zartsi, wanda muke kira Mushe, yadda ake ce wa malamin boko da Faransanci. Mutum ne mai ladabi, ni na gina rijiyar gidan ubansa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Baba, ina da wani hoto. So nake ka duba mini.”

Na karɓa. Fili ne ja, kamar an niƙa tsatsa an baza. Wani kwari ya bi ta tsakiyarsa yana lanƙwasa, ga gaɓa ta nan, ga gaɓa ta can. Mushe ya ja hoton da yatsa, wani ya fito, na kusa: tsakuwa ƙanana sun manne a cikin dutse, duk gefensu ya goge. Na ukun kuma ƙasa ce ta tsattsage gida-gida, kamar gindin tafki da bazara.

“Ina ne nan?”

“Da nisa, Baba.”

“Wajen Agadas?”

“Ya fi nan nisa.”

Ya kamata in tsaya a nan. Babu itace ko ɗaya, babu sawun akuya, babu kashin raƙumi. Abin da ya fi, babu leda. Na yi yawo a duniya, ban taɓa isa filin da baƙar leda ba ta riga ni zuwa ba. Na lura da wannan sarai. Amma mutum bakwai ko takwas sun riga sun tsaya a kaina.

Na ce, “Gulbi ne ya mutu. Irin Gulbin Kaba namu, sai dai wannan ya fi daɗewa da mutuwa. Dubi tsakuwar. Iska ba ta goge dutse haka, sai ruwa mai gudu, shekara da shekaru. Nan kuma ruwa ya kwanta, ya yi laka, ya bushe. Ruwan da ya yi wannan aiki ba ya tafiya duka. Yana ƙasa.” Na ɗora farce a inda kwarin ya karya kwana. “A kafa dagi nan. Gaba goma sha takwas, in Allah ya so.”

Mushe ya miƙe tsaye, ya riƙe baki. Ya ce, “Allahu akbar! Baba, ka san abin da ka faɗa? Wannan ba duniyarmu ba ce. Mars ke nan, jan tauraron nan da ake gani a sama. Masana sun yi shekaru kafin su—”

Bai ƙarasa ba. Taubashina ya kife a kan igiyoyinsa yana riƙe da ciki.

“Jama'a ku zo! Bawana ya samu aiki a sama! Gaba goma sha takwas! To igiyar hawa can fa, gaba nawa? Wurina za ka saya, kada ka kai cinikin wata rumfa.”

Wani mahauci ya ce a tambaye ni ko maigarin can ne zai riƙa ba da tuwon 'yan aiki. Mushe yana ta ɗaga hannu yana cewa, “Ku saurara, wallahi gaskiya ya faɗa,” ba mai jin sa. Kafin la'asar labarin ya kai tashar kabu-kabu, daga nan kuwa ba sai na faɗa ba. Kwana uku bayan haka, a Gidan Amumune, wani da ban taɓa gani ba ya ba ni labarin wani tsoho da aka nuna wa hoton wata ya ce a shuka masa gero a ciki. Na ce masa tsofaffin yanzu sai addu'a.

Saura kwana biyu taron, Mushe ya zo gidana da hantsi, ya kawo shayi da sukari. Ina fiƙe ƙotar gatari. Ya ce ba don wasa ya nuna mini ba. Ya ce yana karantar da wannan darasi daga littafi, shi ne ya so ya ji ko idon da ya san ƙasa zai ga abin da littafin ya faɗa.

“To, ya gani?”

“Ya gani, Baba. Ruwa ya yi gudu a can, tun zamanin da ba wanda ya sani. Yanzu ya zama ƙanƙara. Wata tana can ƙarshen duniyar tasu, arewa da kudu, wata tana binne a ƙasa.”

“Damina fa?”

“Babu. Ko ɗigo.”

Na bar shi yana magana, ni ina fiƙa. Ya ce jan ƙasar nan tsatsa ce da gaske, ƙarfe ne a cikinta. Ya ce rana a can ƙarama take fitowa, don sun fi mu nisa da ita, kuma sanyin can in ya sauka, namu na lokacin ɗari wasa ne. In za ta faɗi ma ba ja take yi ba, shuɗi-shuɗi take yi. Wuni da dare kusan tsawon namu ne, amma shekarar can ta kusa biyun tamu. Wata biyu gare su, ƙanana, ko kewaya mai kyau ba su yi ba. Na ce to a can rigimar ganin watan azumi ninki biyu ce. Ya yi dariya, ya ce buhun gero kuma in ka kai can, nauyinsa ba ya kai rabi.

Wannan ya tsaya mini a rai. Duk gugan ƙasar da na jawo a rayuwata, ashe akwai inda ba su kai rabin nauyin nan ba, kuma ba kowa a wurin.

“Iskar fa?”

“Kaɗan ce ƙwarai, kuma ba ta shaƙuwa. Ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta. Mutum in ya tsaya a can haka nan, kafin ya—”

“Na san ta.”

“Ka san ta, Baba?”

“Tana ƙasan rijiya. Kafin mu shiga tsohuwar rijiya sai mu zura fitila. In ta mutu, mu kaɗa rijiyar da ganye, mu zura kaza. Ranar da wana ya shiga, fitilar ba mai, mai kazar kuma ya hana.”

Na ci gaba da fiƙa. Can Mushe ya ce akwai motoci marasa direba da aka aika can, suna yawo suna huda dutse suna ɗanɗana ƙasa. Na tambaye shi zurfin hudar. Ya nuna mini ɗan yatsansa. Tafiyar wata da watanni, a je a yi ramin shuka. Na ce duk da haka sun fi ni, tunda sun taka ƙasar kafin su yi magana.

Da zai tafi ya ce ranar taron zai tashi ya wanke ni a gaban dattawa. Na ce ya bari. Ya ce shi ya jawo, dole shi zai gyara. Mai karatu in ya ƙudura zai taimake ka, ba ka da mafita.

Taron a ƙofar gidan maigari aka yi, gindin dogon yaro, bayan sallar azahar. Ga liman, ga dattawa a kan tabarmi, ga ɗan garin nan mai son na'ura ya zauna gaba-gaba. Taubashina ma ya zo ba a gayyace shi ba, wai ya zo auna igiya.

Maigari ya ce, “Abokina, magana ta iso mu. Mu ba mu ce komai ba. Amma aikin nan gumin yaranmu ne da ke cikin rana a ƙasar mutane, kuma sun bugo waya. Har can sun ji.”

Mushe ya nemi izini ya tashi. Ya yi magana mai tsawo. Ya zaga da salular hannu zuwa hannu, ya nuna musu kwarin, ya nuna musu tsakuwar. Ya ce abin da manyan masana suka tara kayan aiki suka yi shekaru kafin su yarda da shi, wannan tsohon ya faɗa a lokacin da ba ya isa a tauna goro. Liman ya tambaye shi ko akwai mutane a can, ya ce ba a ga ko tururuwa ba. Liman ya ce Allah mai iko, ya halicci fili guda ya ajiye ba mai gardamar iyaka a kansa. Wani dattijo ya daɗe yana duban hoton, ya ce shi ma wallahi da gulbi zai ce. Wani ya ce, “Ashe tsohon ya gani.” Na ga kawuna sun fara gyaɗawa. Mai son na'ura ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa. Maigari ya yi ajiyar zuciya, ya ce, “To, alhamdu lillahi,” ya jawo ƙwaryar goro.

Sai aka yi gyaran murya a bayan zana. Yayar maigari ce. Tsohuwa ce da ta yi shekara hamsin tana jan ruwan rijiyar nan, ba ta zuwa taron maza, amma ba a taɓa yin taro ba ta ji ba.

“Mushe.”

“Na'am, Iya.”

“Ruwan nan da ya gano muku a sama. Ana sha?”

Maƙaryaci ake bukata a wurin, ko ƙarami ne. Duk taron nan akwai su, amma Mushe aka tambaya.

Ya sosa ƙeya. “To, Iya, masana sun ce ƙasar can akwai gishiri iri-iri a cikinta, wani ma cutarwa yake yi. In ƙanƙarar ta narke a cikin wannan ƙasa, to ruwan zai—”

“Zartsi ke nan.”

“Eh to. Ya ma fi zartsi.”

“Madalla. Irin wannan muna da shi a gida.”

Muka ji takunta ta koma ciki. Ba wanda ya yi dariya, har taubashina. Da an yi dariya da ya fi mini sauƙi.

Maigari ya janye hannu daga ƙwaryar. Ya ce, “Abokina, ka ce wani abu mana.”

Me zan ce? Gaskiya tsohuwar ta faɗa. Na ce akwai ruwa, na faɗi zurfi, ban faɗi ɗanɗano ba, don hoto ba a ɗora shi a harshe. Su kuwa mutanen nan ba ruwa suka rasa ba. Wurin da na riƙe yana raina, na taka shi, na ɗanɗana shi. Ina iya tashi in kai su. Amma na dubi fuskokinsu, na ga in sun bi ni don kunya za su bi ni, kuma duk guga ɗaya na ƙasa da aka fitar sai wani ya ce, Allah ya sa ba na sama ba ne.

Na ce, “Ku ɗauko mai na'urar.”

Ya zo da mota bayan mako biyu. Saurayi ne mai fara'a, ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce ya ji labarina. Ban tambaye shi wanne ba. Kwana biyu yana kafa ƙarafa yana jan waya yana rubutu. Rana ta uku ya kafa turke yamma da wani tsohon gawo, kusa da suri, aka yi addu'a, aka raba goro. Da mutane suka watse na je na auna da ƙafa daga wurin da na riƙe a raina. Taku goma sha ɗaya.

Taubashina kaɗai na faɗa wa. Ya ce, “Bawana, da a bayan masallaci ya kafa ma, taku sha ɗaya za ka ce.” Na ce gaskiyarka. Ban sake faɗa wa kowa ba.

Mai na'ura ba ya gina. Ya hau motarsa ya koma Maradi. Bayan kwana biyar maigari ya aiko, ba goro, saƙon baki ne: ƙasar wurin rairayi ce, samarin garin ba su san saukar da zoben siminti ba, ana tsoron ta rufta da wani. Ko zan zo? Matata ta ce in ina da zuciya ba zan je ba. Na ce zuciyar tana nan, rumbun ne ba komai. Na ɗauki dagi.

Haka na koma cikin rami da furfura, a wurin da wani ya nuna. Wata biyu da kwanaki muka yi. Rairayi gaba shida, sai jar ƙasa, sai tsakuwa, sai wani farin dutse da ya cinye mana mako guda. Da rana in na ɗaga kai daga ƙasa, sama ba ta fi faifai ba, a gefen faifan kuma kan Mushe ne. Kullum in an tashi lakwal sai ya zo ya ja igiya tare da 'yan aiki, har hannunsa ya yi kanta. Ban ce ya zo ba, ban ce ya daina ba. Wata rana ya leƙo ya ce, “Baba, ka yafe mini.” Na ce ya ja gugan, ya cika.

A gaba ashirin da uku ƙasa ta yi sanyi a tafin ƙafata. Na ɗora a harshe, na san abin da ke tafe. Washegari ruwa ya tsattsafo. Aka bar shi ya kwanta, aka jawo gugan farko, aka zuba a ƙwarya aka kai wa yayar maigari. Ta kurɓa, ta kurkure baki, ta zubar. Ta sake kurɓa ta haɗiye. Ta aika aka kawo sabulu ta murza a ciki, kumfa ya tashi har wuyan hannu. Mata suka yi guɗa. Ta dubi ƙanenta ta ce, “A gaishe da mai na'ura.”

Ni kuwa aka ba ni zakara, da riga ɗaya ta maigari. Ta yi mini yawa.

Daga wannan rijiya goro bai sake zuwa gidana ba. Hoto ma an daina kawowa. Yasar tsofaffin rijiyoyi aka riƙa kira na, in fitar da laka da matattun guguna, wata rana akuya. Na yi shekara uku a haka. Bara gwiwa ta ƙi, na shiga wata rijiya a Mayahi sai da aka ɗauro ni da igiya kamar buhu.

Yanzu ina Tasawa, gidan ɗiyata, bayan tasha. Akwai pampo a tsakar gidan. Ya zo kwana biyu, ya ɗauke kwana uku. Ranar da ya ɗauke, ni ke zama a layi da jarkoki wurin mai foraj, wato rijiyar burtsatse, don ni ne mara aikin yi a gidan.